Taurarin Ƙetare: Yadda gwanayen Broadway ke rainon yaran da za su gaje su

A wani daren Litinin cikin shekarar 2013, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Eva Noblezada ta hau dandamalin gidan wasa na Minskoff da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka, ta rera waƙa a gaban mutum sama da dubu ɗaya. Gasa ce ake yi ta 'yan makarantun sakandare. Eva ta kai zagayen ƙarshe, amma da aka zo faɗin sakamako sai aka kira sunan wata. Ba ita ta ci ba.

To, ashe a cikin 'yan kallo akwai wata mata mai suna Tara Rubin, wadda sana'ar ta ita ce zaɓo 'yan wasa ga manyan furodusoshi. A lokacin kuwa shahararren furodusan nan na Ingila, Cameron Mackintosh, ya na neman yarinyar da za ta ja wasan sa mai suna Miss Saigon, wanda zai sake ɗorawa a Landan. Tara ta haɗa su, aka gwada Eva, aka ba ta rol ɗin Kim. A watan Mayu na 2014 aka buɗe wasan a gidan Prince Edward, ga 'yar sakandaren jiya ta zama jarumar da duk Landan ke magana a kan ta.

Masu karatu da dama za su ce ai sa'a ce. Gaskiya ne, akwai rabo a ciki. Amma kafin Eva ta buɗe baki a wannan dare, akwai mutanen da su ka ɓata lokacin su a kan ta: malamin makarantar su da ya yi shekaru ya na gyara ta, da kuma ƙwararrun 'yan wasa da su ka zauna da ita kwana da kwanaki kafin gasar. Waɗannan mutane na bayan fage su ne wannan fili zai duba a wannan wata, domin labarin su ya shafi duk wani matashi da ke mafarkin wata rana a ga fuskar sa a jikin fosta.

Wasan da babu "kot"

Da farko dai, Broadway sunan wani dogon titi ne a Niyok, amma idan 'yan wasa su ka ambace shi su na nufin manyan gidajen wasan daɓe guda 41 da ke wannan yanki, waɗanda kowanne ke cin mutum 500 zuwa sama. Abin da ya fi kawo masu kuɗi shi ne wasan daɓe mai waƙa da rawa, wato labari ne ake bayarwa, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa, kamar dai yadda mai kallon finafinan Hausa da na Indiya ya saba gani. A can ne aka ɗora wasan Fela! a 2009, wanda ya ba da tarihin Fela Anikulapo Kuti, har aka kawo shi Legas a 2011.

Amma fa akwai bambanci babba. A fim ɗin Hausa mawaƙi ne ke shiga sutudiyo ya rera, jarumi kuma ya je lokeshin ya yi mamin. Haka abin ya ke a Indiya, inda marigayiya Lata Mangeshkar ta shafe shekaru da dama ta na ba jarumai mata aron murya. A Broadway babu wannan sauƙin. Ɗan wasa shi zai yi aktin, shi zai yi rawa, shi zai rera waƙar da bakin sa, makaɗa na zaune a wani rami a gaban dandamali su na kiɗa kai-tsaye. Babu darakta da zai ce "kot" a sake ɗauka. In murya ta shaƙe, kowa ya ji. In ƙafa ta zame, kowa ya gani. Sannan sau takwas ake yin wasan a kowane mako, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Sana'a irin wannan ba a shigar ta da ka. Dole sai da malami. Shi ya sa masu harkar su ka ɗauki rainon yara a matsayin wani ɓangare na kasuwancin su.

Gasar Jimmy

A Amurka kusan kowace makarantar sakandare mai hali ta na shirya irin wannan wasa sau ɗaya a shekara. A 2009 aka kafa wata gasa ta ƙasa baki ɗaya don zaƙulo gwanayen waɗannan yara. Ana kiran ta gasar Jimmy, sunan da ta samo daga James M. Nederlander, wani attajiri mai gidajen wasa da yawa, wanda ya rasu a 2016. Gidauniyar ƙungiyar masu gidajen wasa da furodusoshin Broadway ce ke tafiyar da ita.

Yadda abin ya ke shi ne, kowane yanki na ƙasar ya na da tasa ƙaramar gasar. Alƙalai su kan zagaya makarantu su kalli wasanni, a ƙarshe a fitar da mutum biyu daga yankin, a tura su Niyok. A 2012 yara 60 ne su ka je. Zuwa 2024 sun haura ɗari. Annobar korona ta hana a yi gasar a 2020, a 2021 kuma ta intanet aka yi ta.

Idan yaran su ka isa Niyok, ba yawon buɗe ido ake kai su ba. Kwanakin da za su yi ba su kai mako biyu ba, kuma kusan duk a ɗakin rihazal su ke ƙarewa, tun safe har dare. Akwai darakta, akwai mai tsara rawa, akwai mai kula da kiɗa. Sai kuma a raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi koci guda daga cikin 'yan wasan Broadway na gaske, mutanen da su ma da wannan sana'a su ke ci su ke sha. Kowane yaro zai tashi a gaban 'yan'uwan sa ya rera waƙar da ya zo da ita, kocin ya tsayar da shi, ya gyara, ya ce a sake.

A ƙarshe, wajen ƙarshen watan Yuni, sai a yi babban dare a Minskoff, gidan da ake nuna wasan The Lion King tun 2006. Ranar Litinin ake zaɓa saboda ita ce ranar hutun yawancin gidajen wasa. A shekarun baya-bayan nan mutum takwas alƙalai ke warewa zuwa zagayen ƙarshe, sannan a fitar da biyu, kowanne ya tafi da dala dubu 25 don karatun sa. Manyan taurari ne ke gabatar da bikin. Corbin Bleu na fim ɗin High School Musical ya yi, mawaƙi Josh Groban ma ya yi.

Me ake koya masu?

A 2012 gidan talbijin na PBS ya bi yaran wannan shekara da kyamara, ya fitar da shiri mai kashi uku mai suna Broadway or Bust. A cikin masu horarwa da aka gani akwai Liz Callaway, wadda masu kallon katun sun san muryar ta ko da ba su san fuskar ta ba, domin ita ce ta rera waƙoƙin jarumar fim ɗin Anastasia na 1997. Akwai kuma wani matashi mai suna Leslie Odom Jr., wanda a lokacin bai yi wani suna can ba. A riƙe sunan sa, zai sake fitowa a gaba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ba murya aka fi gyarawa ba. Duk yaron da ya kai Niyok ai ya riga ya iya waƙa, shi ne zakaran garin su. Matsalar yawancin su ita ce su na waƙa ne don a ce sun iya. Su ja murya sama, su karkaɗa ta, su yi ta wurga hannu, amma idan aka tambaye su me waƙar ke cewa sai a ji shiru.

Don haka tambayoyin da ƙwararru a wannan fanni su ka fi yi wa ɗalibi ba su da yawa. Da wa ka ke magana a wannan waƙa? Me ki ke so ya yi maki? Me ya faru minti ɗaya kafin ka buɗe baki? Wata dabarar da aka sani ita ce a kashe kiɗa, a ce yaro ya faɗi baitocin da baki kawai, kamar ya na yi wa abokin sa magana. Nan take ake gane wanda ya fahimci abin da ya ke rerawa da wanda ya haddace kawai. Ƙa'idar da su ke bi ita ce, a irin wannan wasa mutum ba ya fara waƙa sai abin da ke cin ran sa ya fi ƙarfin magana. In babu wannan dalili, waƙar ta zama ado kawai, labari ya tsaya cik har sai an gama ta.

Bayan wannan sai ƙananan abubuwa waɗanda ba a samun su a littafi. Inda za a ja numfashi don kada a yanka kalma biyu. Yadda za a tsaya wuri guda ba tare da rawar jiki ba. Yadda za a shiga ɗakin tantancewa, a gaida mai kaɗa piyano, a nuna masa saurin da ake so, domin sau da yawa abin da ake ba mutum bai wuce minti ɗaya ba. Yadda za a zaɓi waƙar da ta dace da shekarun mutum, kada 'yar shekara 16 ta ɗauko waƙar matar da ta yi aure uku. Sai kuma kula da maƙogwaro: shan ruwa, isasshen barci, ɗumama murya kafin a hau, da yin shiru idan an sauko. Wanda ya yi wasa sau takwas a mako na tsawon shekara shi ya san waɗannan, kuma shi ne zai faɗa yaro ya ji.

Akwai kuma darasin da ba a faɗa da baki. Yaron da ya saba shi ne tauraro a makarantar su, yau ga shi a layin baya cikin mutum ɗari, kowa ya kai shi ko ya fi shi. Nan ake koyon zuwa a kan lokaci, da yin shiru idan ana gyara wani, da karɓar gyara ba tare da kumbura fuska ba.

"Wannan shi ne mafi muni"

Wannan al'ada ta babba ya ja ƙarami ta girmi gasar Jimmy nesa ba kusa ba. Labarin da 'yan Broadway su ka fi bayarwa a kan ta ya faru ne tun a shekarun 1940.

Oscar Hammerstein II shi ne marubucin waƙoƙin The King and I da The Sound of Music, wanda fim ɗin sa na 1965 har yau ana kallo. Ya na da gona a jihar Pennsylvania, kuma ɗan sa ya na da wani aboki mai suna Stephen Sondheim, yaron da auren iyayen sa ya mutu tun ya na ɗan shekara goma. Yaron ya maida gidan Hammerstein kamar gidan su.

Da Sondheim ya kai shekara 15 sai ya rubuta wani wasa mai suna By George, aka yi a makarantar su, ɗalibai su ka yi ta tafi. Kan yaro ya kumbura. Ya ɗauki rubutun ya kai wa Hammerstein, ya roƙe shi ya karanta kamar bai san wanda ya rubuta ba. Kamar yadda Sondheim ya sha bayar da labari da bakin sa, dattijon ya kira shi ya ce masa bai taɓa karanta abu mai muni kamar wannan ba. Amma ya ƙara da cewa bai ce babu basira a ciki ba, kuma in ya na so zai nuna masa dalilin da ya sa ya yi muni. Su ka zauna tun daga layin farko, su ka bi shi ɗaya bayan ɗaya har yamma. Sondheim ya ce abin da ya koya a wannan yini ya fi abin da wasu ke koya a duk rayuwar su.

Hammerstein bai tsaya nan ba. Ya ba shi aikin gida na rubuta wasanni huɗu: ɗaya daga wasan kwaikwayon da ya ke ganin ya yi kyau, ɗaya daga wanda ke da aibu, ɗaya daga labarin da ba a taɓa maida shi wasa ba, na ƙarshe kuma ƙirƙirar kan sa. Shekaru yaron ya yi ya na wannan aiki. Sannan da aka nemi Sondheim ya rubuta baitocin West Side Story, ya so ya ƙi saboda shi burin sa ya haɗa kiɗa da kan sa. Hammerstein ne ya ce ya karɓa, domin zai zauna da gwanaye irin su Leonard Bernstein ya ƙaru. Aka buɗe wasan a 1957, Sondheim na da shekara 27.

Abin lura a nan shi ne dattijon ya haɗa abu biyu: ya faɗi gaskiya mai ɗaci, sannan ya zauna ya yi aikin gyaran. Da ya tsaya a kushe kawai, da ya kashe wa yaro gwiwa. Da kuma ya ce "kai, ka yi ƙoƙari" don kada ran yaro ya ɓaci, da ya cuce shi.

Bashin da ake biya wa na baya

Hammerstein ya rasu a 1960. Sondheim ya zama babban gwani, kuma har ya koma ga Mahaliccin sa a watan Nuwamba na 2021, ya na da shekara 91, bai daina koyarwa ba. An ɗauke shi a talbijin a Landan ya na gyara wa ɗaliban makarantar Guildhall waƙa kalma bayan kalma. A 1990 ya je Jami'ar Oxford a matsayin farfesa baƙo. An kuma san shi da amsa wasiƙun matasa da hannun sa.

Ɗaya daga cikin waɗanda ya ja a jiki shi ne Jonathan Larson, wani matashi da ya shafe kusan shekara goma ya na aikin kai abinci a wani gidan cin abinci a Niyok, ya na rubuta wasannin da babu mai ɗorawa. Sondheim ya kan saurari aikin sa, ya rubuta masa takardun shaida zuwa ga furodusoshi. A ƙarshe Larson ya rubuta Rent. Sai dai Allah bai nufa ya ga nasarar sa ba: ya rasu kwatsam a ranar 25 ga Janairu, 1996, ya na da shekara 35, a ranar da za a fara nuna wasan ga jama'a. Rent ya yi shekara 12 a Broadway.

A cikin waɗanda su ka kalli Rent akwai wani yaro ɗan shekara 17, Lin-Manuel Miranda, wanda ya ce wannan wasa ne ya nuna masa cewa shi ma zai iya rubuta labarin unguwar su. A ajin sa na ƙarshe a sakandare, Miranda ya ba da umarnin West Side Story a makarantar su, sai ga Sondheim da kan sa ya zo ya zauna da ɗaliban ya na amsa tambayoyin su. Ziyarar yini ɗaya ce, amma ta zauna a ran yaron. Bayan shekaru, Sondheim ya amince Miranda ya maida wasu baitocin West Side Story zuwa Sifaniyanci don wasan da aka sake ɗorawa a 2009. Da Miranda ya fara rubuta Hamilton da salon waƙar raf, ya riƙa tura wa dattijon, shi kuma ya gargaɗe shi da ya riƙa sauya salo, kada kunnen mai sauraro ya gaji da bugu iri ɗaya.

Hamilton ya fito a 2015, ya kwashe kambun Tony har 11 a 2016. Wa ya ci kambun gwarzon jarumi a wannan shekara? Leslie Odom Jr., kocin nan da ya zauna da 'yan sakandare a 2012, kuma Miranda kan sa ya kayar a wannan rukuni. Shi kuwa Miranda, wanda ya rubuta waƙoƙin katun ɗin Moana da Encanto, fim na farko da ya ba da umarni shi ne tick, tick... BOOM! na 2021, tarihin gwagwarmayar Larson. Wato daga Hammerstein zuwa Sondheim, zuwa Larson da Miranda, kowa ya karɓa ya miƙa.

Malamin da ba a gani a fosta

Baƙon gwani na zuwa ne ya yi kwanaki ya tafi. Wanda ke tare da yaro kullum shi ne malamin makaranta, kuma labarin Eva ya tabbatar da haka. A wata makarantar gwamnati ta koyon fasaha mai suna Northwest da ke birnin Charlotte ta yi karatu, a hannun wani malami mai suna Corey Mitchell. A 2015, da masu ba da kambun Tony su ka ƙirƙiro lambar yabo ta musamman don malaman wasan kwaikwayo, Mitchell ne mutum na farko da aka ba.

Bayan shekara uku sai ga wata ɗalibar wannan makaranta, Reneé Rapp, ta je gasar Jimmy ta 2018 ta ciyo. A 2019 ta hau Broadway a wasan Mean Girls, a 2024 kuma ta maimaita rol ɗin a fim. Namijin da su ka ci gasar tare, Andrew Barth Feldman, ya na ɗan shekara 16 aka ba shi jan wasan Dear Evan Hansen a watan Janairu na 2019. Makaranta ɗaya ta fitar da Eva da Reneé cikin shekara biyar. Wannan kam ya wuce a kira shi sa'a.

Ita Eva, an sa sunan ta a takarar Tony sau biyu, a 2017 da 2019. Kuma a fim ɗin Yellow Rose na 2019 ta fito tare da Lea Salonga 'yar ƙasar Filifin, wadda ita ce ta fara yin rol ɗin Kim a 1989 ta na 'yar shekara 18.

Ba kullum ake kwana a gado ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda gwani ya dafa ya haye. Yara sama da ɗari ke zuwa Niyok, biyu ke cin kambu, kuma waɗanda sunan su ke fitowa daga baya 'yan kaɗan ne. Sauran su kan koma jami'a, wasu su zama malamai, wasu su kama wata sana'ar daban. Akwai kuma maganar gata: yaron da makarantar su ba ta da kuɗin shirya wasa, ko iyayen sa ba su da halin biyan malamin murya, tun daga gida an bar shi a baya komai basirar sa.

Su kan su gwanayen su na yin kuskure. A 1981 Sondheim da darakta Harold Prince su ka ɗora wani wasa mai suna Merrily We Roll Along, su ka cika shi da matasa, wasu ba su kai shekara 20 ba. Labarin da baya-da-baya ya ke tafiya, don haka yara ne su ka fara fitowa a matsayin manya masu shekara arba'in. 'Yan kallo su ka rikice, 'yan jarida su ka yi masa kaca-kaca, aka rufe shi bayan nuni 16 kacal da buɗewa. Yaran da su ka ɗauka sun taka tsanin arziki su ka wayi gari babu aiki. Liz Callaway na cikin su, ita da Jason Alexander wanda daga baya ya yi suna a talbijin, amma da yawa sun bar harkar. Sai a 2023, da aka sake ɗora wasan da gogaggun 'yan wasa, ciki har da Daniel Radcliffe na Harry Potter, sannan ya karɓu a Broadway, har ya ci kambun Tony a 2024. Ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfin wuyan sa ba gata ba ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Abin da ya shafi na gida

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Makaɗan gargajiya ba su taɓa tashi rana ɗaya su ka zama shugabannin kiɗa ba. Sai mutum ya yi shekaru ya na amshi a bayan wani, kamar yadda marigayi Musa Ɗanƙwairo ya taso a hannun mahaifin sa da yayan sa. A industiri ma kowa ya san tsarin ubangida da yaron sa, kuma ya fitar da taurari. Ali Nuhu, alal misali, ya ɗora Umar M. Shareef da Maryam Yahaya a fim ɗin Mansoor na 2017, fim ɗin ya ɗaga su.

Inda aka bambanta shi ne a Broadway an maida abin tsari. Akwai rana, akwai wuri, akwai alƙalai, kuma yaron da bai san kowa ba zai iya tsayawa a gaban gwani a saurare shi. Matashin da ya baro garin su ya zo ya na zarya a ofisoshin Zoo Road a Kano, sau da yawa abin da ya ke samu shi ne aike da ɗaukar jaka, da alƙawarin "za a sa ka". Wani ma kuɗi za a karɓa a hannun sa da sunan rajista. Ba lallai ne a samu wanda zai zaunar da shi na awa ɗaya ya ce masa ga inda ka ke kuskure ba.

Don haka ga matasa masu sha'awar harkar, labarin Sondheim ya ba da ma'aunin gane malamin ƙwarai. Shin ya na kallon aikin ka, ko hidimar ka kawai ya ke so? Ya na faɗa maki gaskiya, ko yabo ya ke yi don wata manufa? In ya kushe, ya na nuna hanyar gyara? Bayan wata shida a hannun sa, akwai abin da ka iya wanda da ba ka iya ba? In amsar babu ce, to a sake lale.

Su kuma manyan jarumai, mawaƙa da masu koyar da rawa, abin da ake nema a wurin su bai kai kuɗin fim ɗaya ba. Yini guda ne a wata makaranta ko ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, a saurari yara, a gyara masu. Sondheim yini ɗaya ya je makarantar su Miranda. Icce tun ya na ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk tauraron da ake yayi a yau, wata rana wani ne zai hau kujerar sa. Gara ya zama wanda ya koyar da hannun sa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.